Yadda Narkakkiyar Roba Ke Gudana a Cikin Inji: Tambayoyi da Amsoshi

Duk kayan roba da ka taɓa riƙewa, bokiti ne ko bututu ko leda ko murfin kwalba, sai da ya zama abu mai kauri da yauƙi, ya ratsa wata ƙunƙuntar hanya cikin zafi da matsi, kafin ya daskare a siffar da ka gan shi. Yawancin aibin da ake gani a jikin kaya, a wannan ɗan lokaci na ratsawa ya samo asali. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu kula da inji, da masu sayen ɗanyar roba, da ɗalibai suka fi yi.

Wane ilimi ne ke nazarin wannan abu?

Sunansa riyoloji, wato ilimin yadda abubuwa ke gudana da yadda suke sauya siffa idan aka matsa musu. Eugene Bingham, masanin sinadarai a Amurka, shi ya raɗa masa sunan, kuma a 1929 aka kafa ƙungiyar masana fannin ta farko. A wancan zamani ana kan gardama a kan mene ne ma ainihin roba. Hermann Staudinger na Jamus ya ce tun 1920 dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyin sinadari da suka haɗu baki da baki, da yawa daga cikin abokan aikinsa suka ƙi yarda, sai daga baya gaskiyarsa ta fito, har aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Wanda ya riƙe wannan batu na dogayen sarƙoƙi, sauran bayanin duk zai zo masa da sauƙi.

Ba ruwa-ruwa ba ne kawai kamar man inji, sai dai ya fi kauri?

A'a. Bambancin ya wuce na kauri.

Gaskiya ne kaurin ma ba kaɗan ba ne. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira faskal-daƙiƙa. Na ruwa a zafin ɗaki kusan 0.001 ne. Na narkakkiyar roba yakan kama daga 100 har ya kai 100,000, wato ta fi ruwa kauri sau dubu ɗari zuwa sau miliyan ɗari. Saboda haka ba ta yin guguwa ko tambal-tambal a cikin bututu kamar yadda ruwa ke yi. Shimfiɗa-shimfiɗa take tafiya, kowane sashe na zamewa a kan na kusa da shi. Shi ya sa gauraya launi a cikinta ke da wuya: ba za ta gauraya da kanta ba, sai sukurun inji, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke juyawa yana tura roba, ya yi ta yankawa yana ninkewa.

Amma babban bambancin biyu ne. Na farko, ruwa da man inji kaurinsu ɗaya ne ko ka tura su a hankali ko da gudu, muddin zafin bai canja ba. Irinsu ake jingina wa Isaac Newton. Roba kuwa kaurinta yana raguwa gwargwadon yadda aka hanzarta ta. Na biyu, tana da danƙo. Idan ka ja ta ka saki, takan yi ƙoƙarin komawa yadda take. Tana tuna abin da aka yi mata ɗazu, kuma sai ta ɗauki lokaci kafin ta manta.

Me ya sa take tsinkewa idan aka tura ta da sauri?

Ka ɗauki tarin dogayen zarurruka da suka cukurkuɗe. Idan ka ja a hankali, kowane zare yana maƙale da maƙwabtansa, ga shi kuma duk inda ya kuɓuce sai ya sake sarƙewa a gaba. Haka sarƙoƙin roba suke a lokacin da take tafiya sannu-sannu. Idan gudun ya ƙaru, ba sa samun sararin sake sarƙewa, sai su miƙe su jeru ta fuskar da ake tafiya, su riƙa wuce juna da sauƙi.

Yadda wani sashe ke zamewa a kan wani, bari mu kira shi zamiya, kuma ana ƙidaya saurinta a kowace daƙiƙa. A injin da ke danne roba a mazubi, wato ƙarfen da ke ba kaya siffa, da matsi kawai, saurin zamiya 1 zuwa 10 ne. A injin tunkuɗa, mai fitar da bututu da leda, yakan kai 100 zuwa 1,000. A injin ɗura, mai harba roba cikin rufaffen mazubi, daga 1,000 ne zuwa 10,000, a ƙofar mazubi ma ya zarce haka. Ga roba da yawa, duk lokacin da saurin ya ninka sau 10, kaurin yakan ragu kamar sau 3 zuwa 5. Ka lissafa da kanka abin da ke faruwa idan saurin ya ninka sau dubu.

Ba don wannan hali ba, da cika siraran mazubai ya gagari injinan da muke da su.

Na sayi roba iri biyu masu lambar MFI ɗaya, amma ɗaya ta yi aiki lafiya, ɗayar ta ba ni wahala. Me ya jawo?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a nan ne ake yawan asarar kuɗi da lokaci.

MFI gwaji ne mai sauƙi. Ana zuba ƙwayoyin roba a wani ɗan bututu mai zafi, a ɗora nauyi a kai, a auna giram nawa ke fitowa cikin minti 10 ta wani rami mai faɗin milimita 2.095 da tsawon milimita 8. Ƙa'idojin ISO 1133 da ASTM D1238 ne suka tsara shi. Ga foliyetilin, wato PE, ana yi a digiri 190 na ma'aunin Celsius da nauyin kilo 2.16. Ga folifurofilin, wato PP, digiri 230 da nauyi iri ɗaya. Ga folistirin, digiri 200 da kilo 5. Lamba babba na nufin roba mai saurin zuba, ƙarama na nufin mai kauri. Robar bututu takan kasance ƙasa da 1, ta siraran kofuna da murafe takan haura 20. Tun daga nan ka ga cewa kwatanta MFI na PE da na PP aikin banza ne, tunda ba a yanayi ɗaya aka auna su ba.

Matsalar ita ce, a cikin wannan gwaji robar a hankali take tafiya. Ga wadda lambarta ke tsakanin 1 da 5, saurin zamiya bai kai 20 ba. Injinka kuwa yana tura ta a dubbai. Kamar ka auna mutum yana tafiyar ƙasaita ne, ka ce ka san gudunsa. Roba biyu za su iya haɗuwa a wannan wuri ɗaya, su rabu nesa da juna a saurin da kake aiki da shi. Wadda sarƙoƙinta suka bambanta ƙwarai a tsawo, akwai gajeru akwai dogaye sosai, ta fi saurin tsinkewa, don haka ta fi sauƙin turawa, amma ta fi kumbura a bakin inji. Wadda sarƙoƙinta kusan tsawonsu ɗaya, kamar irin da ake yi da sinadarin metalosin, ba ta tsinkewa sosai, sai ka ga matsi ya tashi, motar inji tana jan wuta, alhali takarda ta ce lambarsu ɗaya.

MFI yana da amfaninsa: shi ne hanya mafi arha ta gane ko buhun da aka kawo yau daidai yake da na watan jiya, daga kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Idan za ka sauya samfuri ko mai kawo maka kaya, ka nemi cikakken zanen kauri a kan saurin zamiya. Idan babu, ko da MFI biyu ne da nauyi daban-daban, misali kilo 2.16 da kilo 21.6, rabon da ke tsakaninsu zai gaya maka yadda robar ke tsinkewa.

Tsawon sarƙa yana da tasiri har haka?

Ƙwarai kuwa. Idan sarƙoƙi suka kai tsawon da suke sarƙewa da juna, kaurin roba a tafiyar sannu yana hawa da nauyin sarƙa a ninki na 3.4. Ma'ana, ka ninka tsawon sau biyu, kauri ya ninka fiye da sau goma. Pierre-Gilles de Gennes na Faransa ya bayyana dalilin a 1971: kowace sarƙa maƙwabtanta sun kewaye ta, ba ta iya motsi gefe, sai dai ta sulale ta tsawonta kamar maciji a rami. Masao Doi da Sam Edwards suka faɗaɗa wannan tunani a 1978.

A nan ne ciniki yake. Dogayen sarƙoƙi su ke ba kaya ƙarfi da juriyar tsagewa, su ne kuma ke wahalar da inji. Wanda ya zaɓi roba mai saurin zuba don kawai aiki ya yi sauƙi, ya sayar da wani abu daga ƙarfin kayansa.

Idan mazubi bai cika ba, in ƙara zafi?

Hannu yakan yi saurin kaiwa ga maɓallin zafi, kuma sau da yawa ba nan maganin yake ba.

Zafi yana rage kauri, wannan babu musu. Amma ba kowace roba ke jin zafi daidai da 'yar'uwarta ba. Folikabonet da akirilik suna saurin amsa shi, ƙarin digiri 10 ko 20 yana sauya su sosai. PE mai nauyi kuwa ba ta cika damuwa da zafi ba, ta fi amsa sauri. Ga irinta, ƙara gudun ɗura ya fi ƙara wuta amfani, domin gudun zai tsinka ta, ya kuma kai ta ƙarshen mazubi kafin ta daskare.

Sannan akwai abin da allon inji ba ya nunawa. A injin tunkuɗa da ke cikin aiki, mafi yawan zafin da ke narkar da roba daga gugar sukuru yake fitowa, ba daga wayoyin ɗumama ba. Roba kuma ba ta saurin watsa zafi, don haka abin da ya taru a cikinta yana nan. Lambar da kake gani a allo zafin ƙarfen bututu ne. Robar da ke ciki za ta iya fin haka da digiri masu yawa, musamman idan sukuru na juyawa da gudu. Wanda yake son sanin gaskiya sai ya tsoma ma'auni a cikin narkakkiyar robar da ta fito.

Ƙarin zafi yana da farashi: lokacin sanyaya ya tsawaita, kaya su ƙara tsukewa, roba ta fara tsiyaya ta tsagar mazubi, in abin ya yi yawa ta ƙone. PVC, robar da ake bututun ruwa da ita, ta fi kowa haɗari a nan, domin tazarar da ke tsakanin zafin da take gudana da zafin da take lalacewa ƙanƙanuwa ce, kuma idan ta lalace tana fitar da iskar asid mai cin ƙarfe da cutar da huhu. Asital, wato POM, tana fitar da fomaldehaid. Waɗannan biyun kada a kuskura su haɗu a cikin bututun inji ɗaya, domin haɗuwarsu cikin zafi tana iya tayar da iska da ƙarfin da zai yi wa mutum rauni.

Kafin ka taɓa zafi, duba ko iska na samun hanyar fita daga mazubi, duba faɗin ƙofa, duba zafin mazubin kansa.

Me ya sa abin da ke fitowa daga bakin inji ya fi ramin bakin kauri?

Tunanin roba ke nan da aka ambata a baya. A mashigar baki an matse sarƙoƙi an miƙar da su. Da suka fito fili babu bangon da ke riƙe su, sai su nannaɗe su koma yadda suka saba, abin ya gajarce ta tsawo ya kumbura ta faɗi. Ko ruwa mai kauri marar danƙo yana ɗan kumbura, kamar kashi 13 cikin 100, amma roba tana iya ninka faɗinta biyu ko fiye.

Maganin yana cikin lokaci. Idan aka tsawaita miƙaƙƙen sashen ƙarshe na baki, robar za ta daɗe a ciki har ta manta da matsin mashiga, kumburin ya ragu. Rage gudu da ɗan ƙarin zafi su ma suna taimakawa. Markus Reiner ya ba wannan awo suna a 1964, lambar Debora: lokacin da abu ke buƙata ya saki jiki, a raba shi da lokacin da aka ba shi. Idan lambar ta yi girma, robar ta fi kama da daskararren abu mai danƙo. Idan ta yi ƙanƙanta, ta fi kama da ruwa.

Kumburin kuma ba daidai yake a ko'ina ba. Shi ya sa mai ƙera baki don fitar da sanda mai kusurwa huɗu ba ya yanka rami mai kusurwa huɗu sak, sai ya lanƙwasa gefunan ciki, domin robar ta cike su da kanta idan ta fito.

Fuskar leda ko bututu ta yi kaushi kamar an kankare ta. Datti ne?

Yawanci ba datti ba ne. A cikin baki, robar da ke manne da bango kusan a tsaye take. Tana fitowa sai a fizge ta ta kamo gudun sauran nan take, fatar ta kasa jure jan, ta riƙa tsattsagewa a jere. Wannan yakan fara ne idan ƙarfin zamiya a bango ya kai wajen megafaskal 0.1 zuwa 0.2 a ma'aunin matsi, kuma LLDPE, wani nau'in PE da ake leda da shi, ta yi suna da shi. Idan aka ci gaba da ƙara gudu, za a kai inda robar ke mannewa tana suɓucewa, matsi na hawa da sauka, sashe mai santsi na bin sashe mai kaushi. Gaba da nan kuma abin da ke fitowa yakan murɗe gaba ɗaya, kuma wannan daga mashigar baki yake tasowa.

Ana rage kaushin da faɗaɗa tazarar baki, da ɗumama leɓen baki, da rage gudu, ko da zuba ɗan sinadarin taimako da ke shafe bango ya sa roba ta zame. An daɗe ana amfani da masu fulorin, yanzu kuma ana neman madadinsu saboda damuwar muhalli. Ka sani cewa ba nan take yake aiki ba, sai ya ɗauki lokaci yana shafe ƙarfen.

Me ya sa wata roba ke hura leda da kyau, wata kuma kumfar sai rawa da fashewa?

Domin a wajen hura leda, da hura kwalba, da jan zare, ba zamiya ake yi ba, ja ake yi. Juriyar ja daban take da kaurin da MFI ke aunawa. Masanin kimiyya Frederick Trouton ya nuna a 1906 cewa ga ruwa irin na Newton, juriyar ja ninki uku ce ta kaurin zamiya, ba ta wuce nan. Roba ba ta tsaya a kan wannan ƙa'ida ba.

LDPE, wato PE marar nauyi, wadda aka gano a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila a 1933, sarƙoƙinta suna da dogayen rassa. Idan aka ja ta, rassan suna maƙalewa, sai ta ƙara tauri gwargwadon yadda ake jan ta. Duk wurin da ya fara sirancewa sai ya taurare, jan ya koma wani wuri, kaurin leda ya daidaita da kansa. Robar da sarƙoƙinta ba su da irin waɗannan rassa, kamar LLDPE, wurin da ya sirance shi zai ci gaba da sirancewa har ya tsinke. Wannan ne dalilin da masu yin leda ke gauraya ɗan LDPE a cikin LLDPE: ɗaya ta riƙe kumfa, ɗayar ta ba da ƙarfi.

Wannan layi da ke fitowa a bayan rami a jikin kaya fa?

Idan roba ta shiga mazubi, wadda ta taɓa bango mai sanyi tana daskarewa nan da nan. Mai zafi tana bi ta tsakiya, ta kai gaba, ta buɗe ta kwanta a bango kamar ruwan da ke tsartuwa sama yana faɗowa gefe. Idan ta tarar da wani ƙarfe a hanya, sai ta rabu biyu ta sake haɗuwa a bayansa. Goshin biyun sun riga sun ɗan huce, sarƙoƙinsu kuma suna kwance a gicciye, ba su samu sun kutsa cikin juna ba. Wurin yana da rauni ko da ido bai gani ba, kuma raunin ya fi tsanani a robar da aka cusa wa zaren gilashi, domin zaren ba ya tsallaka layin. Ba a cika iya kawar da shi ba, amma ana iya matsar da ƙofa don ya faɗa inda kaya ba sa ɗaukar nauyi.

Dole ne a busar da roba kafin a narkar?

PE da PP ba sa shan danshi, sai dai wanda ya kwanta a bayansu. PET, robar kwalaben ruwan sha, da nailan, da folikabonet kuwa suna sha, kuma a zafin narkewa ruwan yana datse sarƙoƙinsu. Tuna ninkin nan na 3.4: ɗan datsewa kaɗan ya isa ya zubar da kauri ƙasa. Sai ka ga roba tana zuba da sauƙi fiye da kullum, mai aiki ya ji daɗi, alhali kayan da ke fitowa sun zama masu saurin karyewa. PET ana busar da ita a wajen digiri 160 zuwa 180 na awa 4 zuwa 6, har danshi ya sauka ƙasa da kashi 0.005 cikin 100. Abin da ya datse ya datse, sake busarwa ba ya haɗa shi.

Robar da aka niƙa aka sake narkarwa tana gudana kamar sabuwa?

Ba ta yi. Kowace ratsawa ta cikin inji tana cinye wani abu daga sinadaran da ke kare ta. PP sarƙoƙinta datsewa suke yi, MFI ya riƙa hawa. PE takan yi akasin haka, sarƙoƙin su yi rassa ko su ɗaure da juna, kauri ya ƙaru, ƙananan ƙulalai su bayyana a leda. Idan kuma tarkace ne daga wurare daban-daban, kowane buhu da halinsa. A ganina, duk mai aiki da irin wannan roba ya fi kowa buƙatar na'urar MFI a kusa da shi, yana auna kowane kashi kafin ya shiga mazurari, yana kuma riƙe rabon gauraya ɗaya ba tare da sauyawa kullum ba.

Na ɗan faɗaɗa hanya ɗaya a mazubi, sai ta kwashe robar duka. Yaya haka?

Ga ruwa irin na Newton, abin da ke bi ta bututu a matsi ɗaya yana hawa da faɗin bututun a ninki na 4. Ƙarin kashi 10 cikin 100 a faɗi yana kawo ƙarin kashi 46 a gudana. Ga roba mai tsinkewa sosai ninkin yana iya kaiwa 6, ƙarin ya zama kashi 77. Hanyar da ta fi faɗi tana samun gudu, gudun ya tsinka robar, ta ƙara samun gudu, ga shi kuma ba ta huce da wuri ba. Wanda zai gyara hanyar roba da hannu, ya riƙa cire ƙarfe kaɗan-kaɗan yana gwadawa, domin mayar da wanda aka cire ya fi wuya.

Manhajar kwamfuta ba ta isa ta warware duk wannan ba?

Tana taimakawa matuƙa. Tun da Colin Austin ya kafa Moldflow a Ostareliya a 1978, masu ƙera mazubi suke iya ganin inda roba za ta bi, da inda layin haɗuwa zai faɗa, da inda iska za ta maƙale, kafin a yanka ƙarfe. Sai dai manhajar da bayanan da aka ba ta take lissafi. Waɗannan bayanai daga na'urorin awo suke fitowa: mai tura roba ta siririn rami a gudu daban-daban, wadda ke kaiwa saurin injin ɗura, da mai murɗa ta tsakanin faranti biyu, wadda ke raba kauri da danƙo. Idan samfurin da ke cikin manhaja sabuwar roba ce busasshiya, abin da ke cikin mazurarinka kuma rabinsa niƙaƙƙe ne da aka ƙara wa alli da launi, sai an auna wannan haɗin naka an shigar da shi kafin zanen da ke allo ya yi kama da abin da zai fito daga mazubi.